Rakiyar 'Yar Bakwaini Zuwa Jugu

Faraku

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gidanmu na Zango, mu uku da jaririya, a tsakiyar watannin ɗari. Lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, ni kuwa ina ɗinki a bakin kasuwar Arzeke. Matata Safiya ce ta yi haihuwar fari, kuma bakwaini. Ba ta samu zuwa goyon ciki gidan iyayenta a Jugu ba, don yarinyar ta riga lissafin kowa. Ana gama suna manya suka yanke a kai mai jego gida wanka, kamar yadda aka saba.

Ni dai raina bai so ba. Yarinyar da tafin hannu biyu ke ɗauke ta, wadda kukanta ma sai ka kasa kunne, a fita da ita cikin wannan sanyi? Amma da wane baki zan faɗa? A wurinmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban manya, ba ya kiran sunansa, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Abin da na iya shi ne na ce ina da sayen zare a Jugu, zan bi su. Kowa ya san zaren da ake sayarwa a Jugu daga Faraku ake kai shi, amma ba wanda ya tanka mini.

Ta ukunmu ita ce Gwaggo Dije, yayar mahaifina, wadda za ta riƙe jaririyar. Ita kaɗai na sani a duk Zango da ke murnar shigowar sanyi. Cewa take yi lokacin ne sauro ke ba mutane hutu, doya ta yi arha, kowa ya baro ɗakinsa a taru bakin wuta a sha hira. A ranar nan kuwa fara'arta haushi take ba ni. Ina tafe haƙorana na haɗuwa, ita tana gaba da goyo cikin bargo tana gaisa da masu koko.

Motar da muka samu a tasha babba ce mai bodin katako, an loda mata gishiri. Direban wani Badende ne, ɗan wata ƙabila ta yankin, sunansa Alasan, mai Hausa gauraye da Faransanci. Na roƙe shi ya ba matan gaba, ya yarda. Ni na hau baya kan buhuna, na zaɓi wurin da wata 'yar taga ke leƙa mazaunin direba. Ta nan nake ganin ƙeyar Gwaggo da gefen bargon.

A bakin gari jandarma suka tare mu da shinge. Ɗayansu ya haska fitila, ya duba takardun Alasan, sannan ya nuna cinyar Gwaggo.

"Me ke cikin ƙunshin nan, tsohuwa?"

"Baƙuwa ce, shef, ranka ya daɗe. Jiya aka raɗa mata suna, ba ta yi takarda ba tukuna."

"Buɗe in gani."

Gabana ya faɗi, don ƙofar motar a buɗe take, iska na shiga. Gwaggo ta ɗaga bakin bargon kaɗan, jandarman ya leƙa, ya yi saurin mayar mata da hannunsa. Ya ce da Alasan ya ja a hankali, ya ɗaga shingen.

Hanya

Daga Faraku zuwa Jugu ana cewa kilomita ɗari da talatin da wani abu, kuma ba kwalta a lokacin. Motar Alasan tana tafiya tana karkarwa, kowane rami sai na ji shi a cikina. Rana ta makara wajen fitowa, da ta fito ma ba ta da wani zafi. Gefen hanya an ƙone daji ya yi baƙi ƙirin, sai gonakin doya da aka gama tonowa. Iskar saman mota ta daskarar mini da yatsu har na kasa jan carbi.

Duk sanda na leƙa tagar sai in ga bargon bai motsa ba, in ce a raina shi ke nan. Ba damar in tambaya. Sai in ƙwanƙwasa in ce, "Gwaggo, kuna lafiya?" Ita kuwa ta san abin da nake tambaya sarai. Ta miƙo mini gyaɗa ta tagar ta ce, "Lafiyarmu lau, Idi, mu duka, har da waɗanda ba a tambaya ba." Alasan ya tuntsire da dariya. Daga nan ta shiga rera waƙoƙin daka na zamanin ƙuruciyarta, tana tsokanar Alasan cewa motarsa ta girme ta.

Wajen azahar, saura kaɗan mu kai Beteru, muka faɗa wani rami, wani abu ya ba da ƙara a ƙarƙashinmu, motar ta karkace. Alasan ya sauka ya shiga ƙasa, ya fito yana kaɗa kai.

"An samu pan, Malam. Ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ya karye. Sai maƙeri."

"Yau za mu tashi?"

"Yau? In Allah ya so gobe da hantsi."

Haka muka lallaɓa muka shiga Beteru, motar na jan ƙafa.

Beteru

Beteru a bakin kogin Weme take, kuma sanyinta ya fi na Faraku nesa ba kusa ba. Limamin 'yan zangon garin, Malam Buhari, ya sauke mu. Matarsa ta ba matan wani ɗan ɗaki na ƙasa mai rufin kwano da ƙofar katako, ta kawo sakwara da miyar kuɓewa da soyayyen wagashi, cukun Fulanin yankin. Ban iya cin kirki ba. Gwaggo ta cinye nata ta ƙara da nawa, tana cewa ba ta taɓa jin sakwara mai laushin wannan ba. Ni na kwana a zaure tare da Alasan, in dai za a kira wannan kwana.

Da asuba sanyi ya kai maƙura. Za mu masallaci na ga matar liman ta nufi ɗakin baƙi da kasko cike da sabon gawayi, tana fifita shi, bai gama kamawa ba. Ta ajiye a ciki, ta cusa buhu a taga, ta ja ƙofa, ta toshe ƙasanta da tsumma. Wallahi daɗi na ji. Na yi mata addu'a a raina, na ce yau ga wadda ta san darajar jariri. Haka kowa ke yi wa mai jego, haka aka yi mana muna yara.

Gwaggo ba ta cikin ɗakin. Tun kafin kiran salla ta fito, don ta hango wuta a tsakar gida. Muna dawowa daga masallaci muka tarar ta tara jama'a, ta binne doya a garwashi, ta aika a samo mata manja da yaji, tana ba matan gidan labarin yadda ta taɓa korar kura da muciya. Kowa na dariya, tururin baki na fita saboda sanyi. Na zauna can gefe na ƙudundune, ina kallon ƙofar ɗakin nan a rufe, hankalina ya ɗan kwanta.

Da doya ta gasu Gwaggo ta kankare ɗaya, ta fasa, ta zuba manja, ta miƙe.

"Bari in taso Safiya ta ci da zafinta."

"Gwaggo, ki bar ta ta yi barci," in ji ni. "In kin buɗe ƙofar nan sanyi zai shiga."

"Barci a safiya irin wannan? Ana hira tana ƙunshe a ɗaki? Doya in ta huce ta zama itace, Idi."

Na ji kamar in riƙe mata zani. Ta tafi abinta tana 'yar waƙa, ta tsaya bakin ƙofa ta kira. Shiru. Ta sake kira, ta buga. Na ga ta ajiye doyar a ƙasa, abin da Gwaggo ba ta yi wa abinci. Ta banke ƙofar, sai na ji ta yi salati da wata murya da ban san ta da ita ba.

Ban san lokacin da na isa ba. Ɗakin ya yi ɗumi mai nauyi, da shiga kaina ya sara. Safiya tana kwance rabi a tabarma rabi a ƙasa, da alama ta yi yunƙurin zuwa ƙofa ta kasa. Idonta a buɗe amma ba ta gane mu ba. Mata suka ciccibe ta waje, tana fita ta fara amai. Jaririyar tana can jikin bango cikin bargo. Na ɗauke ta na fito, na warware ta a gaban liman da jama'ar gidan duka. Hannuwanta suka zube, kanta ya langaɓe.

Alasan ya rugo yana cewa, "Gawayi ne, gawayi ne, ku ba ta iska, kar ku rufe ta." Iskar da na kwana biyu ina tsoro, ita na tsaya a cikinta da yarinyar tsirara a hannuna. Ina murza bayanta, ina hura mata fuska, ina cewa, "Rabi, Rabi, 'yata, ki dube ni." Na san ana jina, ban damu ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwa ba, kuma har yau ban sake ji ba. Malam Buhari ya matso yana karanta addu'a, matarsa ta durƙusa tana kuka tana cewa ita ta kashe 'yar mutane.

Can sai ƙirjin ya ɗaga. Ta yi wata 'yar atishawa, ta murtuke fuska, ta saki kuka siriri. Na cusa ta cikin rigata, fatarta a jikin fatata, na zauna a ƙasa.

Gwaggo ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ɗaga matar liman ta ce, "Tashi, 'yar'uwa. Da ni ce a gidana, kasko biyu zan sa." Ta sa aka kwantar da Safiya a sarari, aka ba ta ruwa. Sai da Safiya ta iya zama ta karɓi yarinyar ta ba ta nono, sannan Gwaggo ta koma ta ɗauki doyarta daga ƙasa, ta karkaɗe. Amma ta kasa kai wa baki.

Jugu

Maƙeri ya gama aikinsa da hantsi, muka haye gada muka kama hanya. Wannan karon Gwaggo ta sa Alasan ya sauke gilashi kaɗan. Ba ta yi waƙa ba sai da muka wuce Fartago, nan ma ƙasa ƙasa, don ta lallashi Safiya da ke ta kuka. Ni kuwa ina manne da taga. Yarinyar ta yi barci, in tsorata. Ta farka ta yi kuka, in gode wa Allah.

Mun shiga Jugu da la'asar. Na ce da Alasan kada ya tsaya kasuwa, ya wuce da mu ɗakin shan magani. Ma'aikacin da muka samu ya saurari ƙirjin uwa da 'ya, ya buɗe idon yarinyar, ya yi ta faɗa cikin Faransanci, Alasan na fassara mana rabi. Ya ce su sha iska, a dawo da su bayan kwana biyu, in ta ƙi nono a kawo ta ko da wane lokaci ne.

A gidan surukaina an tarbe mu da guɗa. Na gaida surukina a zaure, kaina a ƙasa, na ce na zo sayen zare. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Gwaggo ta shige ciki ta ba da labarin Beteru, ta kafa sharaɗi cewa wutar jego a tsakar gida za a riƙa hura ta, in an kai garwashi ɗaki taga a buɗe. Surukata ta so ta yi gardama, Gwaggo ta ce to ita ma ta zauna wankan, ta ga mai rufe tagar.

Na yi kwanaki a Jugu ina yawo tsakanin masallaci da rumfunan 'yan goro, ina dawowa zaure in kasa kunne. Tun da muka iso ban sake ganin fuskar yarinyar ba, don kunya ta koma mazauninta. Da yamma nakan jiyo muryar Gwaggo daga cikin gida, ta tara mata a bakin wuta ana gasa gyaɗa, har na jiyo dariyar Safiya. Da aka mayar da su wurin ma'aikacin nan ya ce ba abin da ya gani, yarinyar tana kama nono da ƙarfi.

Ranar da zan koma na yi sallama da surukina, na fito da ƙullin zaren da na saya don fita kunya. Raina a jagule, don zan tafi ban ga 'yata ba, kuma sai bayan arba'in. Na kai lungun bayan gida sai na ji takun Gwaggo. Ta biyo ni da goyo, wai rakiya. Ta duba gabas da yamma, ba kowa.

"Idi, zanina ya kwance. Riƙe mini wannan kayan in gyara."

Ta kwanto yarinyar ta ɗora mini a hannu, ta juya mini baya. Idon Rabi biyu, tana motsa baki. Ta fi ranar Beteru nauyi, ko kuwa ni ne nake son in ji haka. Na sa ɗan yatsana a tafinta, ta damƙe. Gwaggo ta kwance zani ta ɗaura, ta sake kwancewa ta ɗaura, tana mita wai zannuwan zamani santsi gare su. Matar da ke ɗaura zani tana tafe tana magana, ranar nan sai da na gama kukana na share ido sannan ɗaurin ya kamu.

Gida

Na samu motar auduga mai zuwa Faraku, muka tsaya Beteru na shiga na gaida Malam Buhari da matarsa, na gaya musu uwa da 'ya suna lafiya. Matar ta bi ni har bakin mota da ƙullin wagashi. Na iso Zango ana kiran magariba, na sami ɗakina da sanyi, ba kowa. Maimakon in rufe ƙofa, na ɗauki tabarma na fita wurin maƙwabta da ke jin ɗumi a ƙofar gida, na ce a matsa mini.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Na gode wa Alasan, da mutanen Beteru da suka sauke mu da zuciya ɗaya. Gwaggo Dije kuwa ta rasu da daɗewa, ban taɓa iya yi mata godiya a baki ba, don da na fara sai ta ce ita doya kawai ta kai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.