Taransifo biyu a likitar Tebaram

Shekarar da maigidana ya rasu, wanda ya koya mini aikin lantarki a Tawa, aka tura ni Tebaram in haɗa fitilun ɗakin haihuwa na likitar garin, wato asibiti. Da, tare muke irin wannan tafiya. Wannan karon ni kaɗai na hau motar kasuwa da jakar kayan aiki.

Majo, wato shugaban likitar, ya nuna mini taransifo biyu masu rage ƙarfin wuta. Ɗaya daga Turai ya zo, jikinsa roba, da alamar ɗan akwati cikin akwati. Ɗayan kyauta ne daga Amirka, jikinsa ƙarfe. Kowanne an rubuta masa aji na biyu, shi ya sa majo ya ɗauka abu guda ne. Ni ma haka na so ya kasance, don rana ta yi zafi.

Amma maigida ya taɓa gaya mini cewa a ƙa'idar Turai, aji na biyu na nufin an rufe wayar ruɓi biyu, ba sai an haɗa ta da ƙasa ba. Su mutanen Amirka kuwa wutar da ke fita suke nufi, cewa kaɗan ce. Ba su yi alkawarin komi a kan ƙarfen jikin ba. Na tuna maganar, sai dai ban tabbata na riƙe ta daidai ba. Na ciro waya har na nemo lambarsa, sannan na mayar da ita aljihu. A garin duk babu wanda zan tambaya.

Na yanke shawarar haɗa na ƙarfen da ƙasa, kada wuta ta ja wanda ya taɓa jikinsa. Na haƙa rami bayan ɗakin, na kafa sandar jan ƙarfe, na zuba gawayi da gishiri. Ƙasar ta bushe ƙwarai, dole kullum da safe in kawo ruwa daga rijiya in zuba. Wani dattijo Buzu da ke jinyar matarsa ya riƙa kallona daga inuwa. Rannan ya matso.

"Malam, mi ka shibka nan?"

Na yi masa bayani iya Hausar da muka haɗu a kai. Ya gyaɗa kai don ladabi, ya miƙo mini shayi. Muka sha tare. Shi ne kaɗai wanda na zauna da shi a makon.

Ranar da fitilun suka kama, ungozoma ta shigo da hannunta jiƙe, ta dafa taransifon ƙarfen tana gyara takalmi. Wuta ba ta ja ta ba. Ta miƙe ta wuce abinta, ba ta ma san na gani ba.

Na dawo Tawa da la'asar. Na buɗe shago, na share, na sayi tuwo wajen mai abincin bakin hanya. Ta tambaye ni ko na mutum biyu za ta zuba, kamar yadda ta saba. Na ce na ɗaya.