Katin Shaida Mai Kaluluwa

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni masinja ne a wata ma'aikata. A bayan tirela na zo, zaune kan kabad ɗin fayil, turmin haƙorina ɗaya ya ruɓe, yana mini zugi tun daga Lakwaja. Kafin mu sauka kaluluwa ta fito mini ƙarƙashin muƙamuƙin dama kamar ƙwan agwagwa. Wata mai tuwo a Jabi ta ɗumama muciya ta danna mini sau uku, wai gobe za ta sace. Washegari har kunne ta kai.

Ranar kuwa aka ce kowa ya tsaya hoton katin shaida. Na roƙi mai hoton ya bari in warke. Ya ce, "Oga, yau kaɗai aka ɗauko ni. Ɗaga kai."

Daga baya likita ya cire haƙorin, ya ba ni kafso, wuya ya koma daidai. Katin kuma ya fito da wani ƙato mai kai kamar tulu, sunana a ƙasa.

Sai aka kafa kwamitin raba wa ƙananan ma'aikata ɗakuna. Saboda ma'aikatan bogi, sai sun duba kati sun duba fuska. Ni kuwa a barandar ofis nake kwana, iyali na Legas suna jira. Wani direba ya ce, "Kai ma da wauta. Cusa goro a kumatu mana."

Na sayi manya guda biyu. Na riƙe katin a gabana kamar madubi, na ga kumburin ta hagu, na cusa a hagu.

Shugaban kwamitin, wani Bazazzagi mai tabarau, ya dubi katin, ya dube ni.

"Malam, mutumin nan dama ce ta kumbura masa."

Da baki cike na ce, "Ranka ya daɗe, yawo take yi."

"Tasa a wuya take. Taka a kumatu."

"Hawa ta yi."

Sai jan yawu ya ɗiga kan fom. Matar da ke rubutu ta ja kujerarta baya, ta ce irin wannan ana ɗauka. Nan take aka rubuta kada in sake shiga ofis sai da takardar likita cewa na warke.

Likitan ya lalube wuyana, ya ce bai ga abin da zai ce ya warkar ba. Kwana tara ina bin sa kamar jela. Ran da na kawo takardar, an gama rabo, an ma ɗauke teburin kwamitin.

A Jikwoyi, can bayan gari, na sauke iyalina, ɗaki ɗaya bayan injin niƙa. Can nake har yau.