Shirun da Aka Hana Yaya Habu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, amma har yau in na ji motsin leda sai na waiga.

Yayana ne, ciki ɗaya. Ya buga ƙwallon kwando a sakandare kafin ciwon ido ya raba shi da gani. Ya ƙi zaman zaure ana yi masa sannu. Ya tara samari makafi na cikin Daura, har da biyu da ake kawowa a babur daga Mai'aduwa, ya ɗaure ƙwallo cikin leda don a riƙa jin inda ta nufa. Aikina in tsaya ƙarƙashin kwando ina ƙwanƙwasa ƙarfensa da sanda, mai jifa ya saita da kunne. Wasan ba abin da yake so sai shiru.

Filin da muke wasan na aro ne. Da aka fara zancen yanka shi a yi shaguna, manya suka ce za su zo su gani, in wasan ya yi ma'ana a bar mana. Suka zo yadda ake zuwa kowane taro a garinmu, da makaɗa da maroƙa da lasifika. A ganinsu karramawa ce.

Yaya ya lallaba wajen mai shirya taron ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan tsai da kiɗan, yaran ba sa jin ƙwallo."

Ya ce, "Haba Malam Habu! Ga manyan baƙi, sai mu yi tsit kamar zaman makoki?"

Na bugi ƙarfen nan har sandar ta tsage, ba wanda ya ji. Yaran da kullum ke zura ƙwallo suka yi ta karo da juna, 'yan kallo wasu na dariya, wasu na "Allah sarki". Aka raba musu sabulu, aka ɗauki hoto. Kafin damina aka sauke bulo a filin.

Yanzu kullum ana jawabi kan masu buƙata ta musamman, a lasifika dai. Da yana raye da ya yi murmushin nan nasa mai ciwo. Ni kam ban huce ba.

Ba fili, ba allo mai sunansa. Sai Lawal, ɗaya daga cikin makafin yaran da ya tara, da ke saƙar kujeru a bakin shagunan. Jiya na ƙwanƙwasa ƙofar wani shago da makullin babur, sai Lawal ya ɗaga kai ya ce mini, "Yaya, daidai nan kwandon yake, ko?"

Daidai nan ne. Ana cajin waya a wurin.