Gumba a Ruwan Murjani

Duk tsawon shekarun da na yi ina haɗa wa mutane akwatin kifi na gilashi, ban taɓa mantawa da ranar da na shiga wani gida a wani ƙauye bayan Bici na tarar da ruwa ya yi fari kamar koko ba. Ku sababbin shiga, da kuke ganin aikin nan goge gilashi ne kawai, ku saurara.

Mai gidan Injiniya Sanusi ne. Ya daɗe yana aikin jirgin ruwa a kudu, ciwon ƙoda ya dawo da shi gida wurin mahaifiyarsa, Inna Hajara. Da ya dawo ya ce shi ba kifi yake so ba, teku yake so a falonsa. Maigidana a shago ya turo ni, muka haɗa masa akwatin ruwan gishiri, muka jona shi da hasken sola, muka dasa murjani mai rai, muka saka 'yan kifaye kaɗan.

Ga wanda bai sani ba, murjanin nan halitta ce. Ka gan shi kamar dutse mai fure, amma yana da baki, yana ci. Yawancin abincinsa daga hasken fitila yake samu. Ragowar kuwa garin jatan lande ne, ɗan abin da bai kai kan tsinken sakace ba. A dama shi, a kashe famfon da ke juya ruwa, a zuƙa a sirinji, a fesa wa kowanne a hankali. Abin da ya yi yawa ruɓewa yake, ruwa ya lalace, kowa ya mutu.

Duk mako nakan je in gwada ruwa. Inna Hajara takan tsaya bakin ƙofa tana kallonmu da sirinji, ta ce, "Wai Sanusi wannan rowa a ina ka koyo ta? Bayin Allah suna buɗe baki kana ɗiga musu kamar maganin ido." Shi sai dariya. Da ciwo ya tsananta, a gaban akwatin nan aka shimfiɗa masa katifa.

Bayan girbi ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna a tabarma a ƙofar gida tare da jama'a, na yi addu'a na tashi. Raina yana kan akwatin, amma wa zai buɗe baki a gidan makoki ya ce a kai shi ya ga kifi?

Sai bayan sadakar bakwai Inna ta aiko a kira ni. Tun daga zaure wari ya tare ni. Ruwa ya yi fari, kifaye sun taso saman ruwa ciki a sama, murjani ya saɓule ya bar ƙashi. A ƙasa kuwa ga wani abu ya kwanta jibgi guda. Na sa hannu na ɗebo, na murza. Gero ne.

"Gumbar sadakarsa ce," in ji Inna daga bayana. "An raba wa kowa a unguwa, har tsuntsaye na watsa wa. Na ce su da ya fi so, a hana su? Tun ranar uku nake ba su, safe da yamma. Ai marayu ne yanzu."

Ta matso ta leƙa.

"Malam Habu, na ga sun daina motsi. Ko kewarsa suke yi?"

Na ce, "Inna, sun rasu."

"Duka?"

"Duka."

Ta daɗe tana kallon geron da ke hannuna. Tsohuwa ce, amma ba ta da wauta. Ta ce, "Ni ce ko?"

Na ce, "Kwanansu ne ya ƙare, Inna."

Ta girgiza kai. "Kada ka rarrashe ni, ɗan nan. Abu ɗaya ya bar mini mai numfashi."

Wallahi na yi kuka a wurin, ni da na zo aiki. Na kwashe ruwan bokiti-bokiti na zubar a bayan gida, ita tana zaune a kan katifarsa. Da zan tafi ta ce in ba ta ƙashi ɗaya. Na wanke wani ɗan ƙarami fari na miƙa mata, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Da na koma shago maigidana ya fara faɗa, wai jahilci ne. Na ce masa ba jahilci ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata dalili, dariya kawai ake mata.

Tun daga nan, duk gidan da na kafa akwati, ba mai gida kaɗai nake koya wa ba. Sai na nemi wadda tukunya take hannunta, na durƙusa na gaishe ta, na ba ta sirinjin ta ɗiga da kanta. A gidajenmu ba a ganin mai rai ya buɗe baki a wuce shi. Yunwa ba ta taɓa kashe mini murjani ba, ko sau ɗaya. Tausayi ne ya kashe na Inna Hajara.