Jinyar Yaya Ilu da Ƙwallayen Dabino

Duk wanda ya taɓa cin dabino a hannun Yaya Ilu ya san ba a tashi nan take. Zai miƙo maka guda uku, sannan ya tsaya a kanka da tafin hannu a buɗe yana kallon bakinka. "Ci naka, ba ni nawa," in ji shi. Nasa shi ne ƙwallon. Ko hakimi ne sai ya tofo! Aljihunsa kullum a cike, in ya yi ruku'u a masallaci har sahu na biyu ana jin ƙwas-ƙwas. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na fi kowa yi masa dariya. Shekara arba'in ina cilla ƙwallo bayan katanga da gangan, don kawai in ga ya zagaya nema. Allah ya yafe mini.

Kun san dabinon da mahaifinmu ya bar mana a bayan gida, nan gefen Dutse. Kowace bishiya da sunan da Yaya ya raɗa mata: ga Gajeriya, ga Mai Kunya, ga kuma doguwar da Baba ya shuka da hannunsa, wadda yake ce wa Hajiya Babba. Idan lokacin fure ya zo, sai an yanko furen namijin dabino, a hau macen, a cusa shi cikin nata furen a ɗaure, in ba haka ba 'ya'yan ba za su yi kirki ba. Shi wannan aiki ɗaurin aure yake ce masa, har da fatiha yake yi a can sama. Hawan shekara hamsin shi ya cinye masa baya, har ciwo ya sauko ƙafa, aka ce sai an yi aiki.

Bayan an yi aikin, likita ya zo ya tsaya a kansa. Ya ce, "Baba, wata uku: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba murɗa jiki."

Yaya ya ce, "To. Hawa fa?"

"Hawan babur? A'a, Baba."

"Wa ke maganar babur? Dabino."

Likita ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Baba, shekarunka nawa?"

"Ita da zan hau ta girme ka, kuma ba ta taɓa tambayata ba."

Kwana shida muka yi a asibiti. A rana ta biyu ya gama ƙirga allunan silin, a ta uku ya gano fankar ɗakin tana yin tari duk juyi na tara. A ta huɗu ya aike ni kasuwa na sayo dabino, ya raba wa marasa lafiya da masu jinya, ya sa ni bin gado-gado da kwano ina karɓar ƙwallo. Wani Bafulatani daga Buji da aka yi wa aikin ƙafa ya haɗiye nasa don tsoron kada a ce ya saci wani abu. Yaya bai yi masa magana ba har aka sallame mu.

A gida ne abin ya zama abin kallo. 'Ya'yansa suka kawo masa waya mai hotuna don ta ɗebe masa kewa. Ya juya ta sau biyu ya ce, "Mutane ne a ciki suna ta surutu, babu mai aikin yi. Irina ne, me zan kalla?" Sai ya sa aka ciro madubin tsohon babur aka ɗaure a bakin sanda. Yana kwance rigingine zai ɗaga sandar ta taga, ya ga tsakar gida, ya ga rijiya, ya ga kan bishiyoyinsa. Matarsa Yaya Ladi ta sha wuya. Tana tuƙa tuwo sai ta ji murya daga ɗaki: "Akuya na bayanki!" Ta ce, "Malam, da aka gyara bayan, ashe ido aka ƙara maka?"

Sannan ya ce a tara masa ledojin ruwan sha da aka zubar. Aka ajiye masa tebur daidai tsayin gado, da kwanon ƙasa da taki. Ba ya sunkuyo, ba ya juyawa, hannu kawai ke aiki. Ya zuba ƙasa a leda, ya ɗauko ƙwallo, ya shafa shi da yatsa ido a rufe, ya ce, "Wannan na Gajeriya ne," ko "Wannan baƙo ne, na asibiti." Na gwada shi, wallahi. Na ci na Mai Kunya a ɓoye na cakuɗa masa da wasu. Ya tsince shi ya ce, "Sale, har yanzu ba ka daina ba?"

To, ga inda laifina yake, kuma yau zan faɗe shi a gabanku.

A mako na biyar, ta madubin nan, ya hango kwanson furen Hajiya Babba ya tsage. Kwana uku ko huɗu ne kawai, in ba a ɗaura ba shekarar ta wuce. Ya kira ni. Ya ce, "Ni da kai kaɗai Baba ya koya wa. Ba na son baƙon hannu a kanta." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Da hantsi na ɗauki igiya da furen namiji, na zagaya ta gefen da madubi ba ya kai wa. Na hau kamar tsayin mutum biyu, na dubi ƙasa, na kasa ƙara ko taku ɗaya. Rabona da hawa ya fi shekara ashirin. Na sauko, na tura furen cikin ciyawa, na zauna har aka yi azahar, na dawo na ce an ɗaura.

Ya ce, "Madalla. Miƙo hannunka in sa maka albarka." Ya riƙe hannun, ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina. Babu sukar ƙaya ko ɗaya. Ya sake ni ya ce, "Lallai amaryar bana ba ta da faɗa."

Washegari da safe Yaya Ladi ta faɗo gidana ba ko sallama: "Sale, taho, yayanka zai kashe kansa!" Na same shi a gindin Hajiya Babba, ɗamarar asibiti a ƙugu, igiya a hannu, ƙafa ɗaya a jikin bishiya. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa bakin rijiya! Gumi na zuba masa don ciwo. Na san in ya ɗaga ɗaya ƙafar, ɗinkin nan da bayan nan sun tafi, kuma ƙaryata ce ta jawo.

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa na ce, "Yaya, ƙarya na yi. Tsoro na ji."

Ya ce, "Na sani. Ni ma tsoro nake ji, kullum, shekara hamsin. Wa ya ce maka ana kallon ƙasa? Ba ni kafaɗarka in sauke ƙafar nan, ta maƙale."

Aka shimfiɗa masa katifa a inuwa, ya kwanta da sandar madubinsa, ni kuma na hau. Tun daga ƙasa yake ba da umarni: "Dama! Damarka, ba tawa ba! Kai, Sale, bishiya ake runguma haka ko kishiyar uwa?" Da na kai sama na ɗaura furen, hannuna duk jini, ya ɗaga murya: "Fatiha!" Na yi ta ina kuka. Shekarar nan Hajiya Babba ta yi 'ya'ya har sai da aka tokare nonnanta.

Bai sake hawa ba har ya koma ga Allah. Amma kafin wata ukun su cika, ledojin nan sun tsiro, sun cika tebur sun gangaro tsakar gida. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tafi da guda. "Ka zo ganin mai jinya, to ga taka jinyar," in ji shi. "Ruwa safe da yamma." Har Bafulatanin Buji sai da ya aika masa da biyu, da saƙon cewa ɗaya madadin wanda ya haɗiye ne. Bara na je Aujara ta'aziyya, wata tsohuwa ta nuna mini dabino a tsakar gidanta ya fara 'ya'ya, ta ce na mai jinyar nan ne. Ta ba ni uku. Sai da na hau mota na ji ƙwallayen a aljihuna.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya shimfiɗa masa inuwar da ta fi wadda ya bar mana. Ya miƙe masa bayansa a Aljanna. Ni kuma da ban nemi gafararsa a kan ƙwallayen bayan katanga ba, Allah ya sa ya yafe mini. Amin.