Anti Agogo, Wadda Ta Sa Na'urorinmu Suka Yi Baki Ɗaya

Kafin ta ajiye jaka, kafin ta amsa gaisuwar kowa, Anti Agogo sai ta wuce ɗakin sanyi inda na'urorin waya suke ta gurnani. Ta zaro wayarta ta kira layinmu na gaggawa, ta katse, sannan ta bi allon kowace na'ura tana duba yadda ya rubuta lokacin kiran. In sun yi daidai, ta fito da fara'a. In ɗaya ya kauce, to ranar ko shayi ba za ta sha ba, mu ma ba za mu sarara ba.

Ni mai amsa kira ce a ofishin motocin ɗaukar marasa lafiya, ita kuwa injiniyarmu ce, kuma a makon nan ta yi ritaya. Mu muka laƙaba mata sunan don tsokana, ta karɓe shi hannu biyu.

Sa'ad da ta zo, kowace na'ura gaban kanta take ci. Ɗaya ta sa wata kafin rana wajen rubuta kwanan wata, ɗaya ta rubuta ƙarfe bakwai, ba safe ba yamma. Na'urar karɓar kira kuwa agogon ƙasar da aka ƙera ta take bi, awa guda a bayan namu. Muka saba da haka kamar yadda ake sabawa da ƙofa mai ƙara.

Sai aka kira mu kan wata mai naƙuda. Dogo, direbanmu, ya ɗauko ta, amma ta cika a hanya. Da aka buɗe bincike, na'urar kira ta ce ƙarfe tara, ta tura motoci ta ce ƙarfe goma ya tashi. Aka dakatar da shi. Har yau ina jin ciwon ganinsa a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Wallahi Anti, ina jin kiran na ta da mota," in ji shi. "Yanzu a unguwa ana nuna ni, wai barci na yi."

"Je ka gida, Dogo," ta ce. "Ba kai ka makara ba, na'urorin ne ba sa jin yaren juna."

Faɗa da baki bai isa ba, sai da ta nuna. Ta yi ta kiran gwaji a gaban masu bincike, kowane kira ya fito da ratar awa guda, ko da mota ta tashi nan take. Dogo ya dawo bakin aiki. Muka ce an gama, ta ce yanzu aka fara. Kamfanin da ya sayar da na'urorin ya ce gyaran ba ya cikin yarjejeniya. Shugabanmu ya ji tsoro kada layi ya ɗauke ana tsakiyar aiki, kuma yana da gaskiya. Sai ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kira ko guda ya salwanta ba, har kowace ta koma rubuta shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa, a kan agogo ɗaya.

Anti, ke ce ba kya yarda da "ai kusan daidai ne". Ke kika koya mana cewa bayan kowane layin lambobi akwai mutuncin wani. Mai naci, mai taurin kai na alheri, mun sha gunaguni a bayanki, kin ji kin yi kamar ba ki ji ba.

Ranar ban kwana, Dogo ne ya miƙa mata kyautarmu, agogon bango. Ya buɗe baki zai yi jawabi. Ita kuwa ta kalli agogon, ta kalli wayarta.

"Wa ya saita wannan? Ya yi latti."

Ɗaki ya kece da dariya, Dogo yana dariya yana share ido. Ba ta zauna ba sai da ta juya bayansa ta gyara shi.

Mun gode, Anti, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu riƙe da irin na'urorin nan, kada ku jira sai an tsayar da wani a bakin ƙofa da hula a hannu. Gobe da safe ku yi kiran gwaji, ku duba allon nan da kyau.