Kore da Ja a Idon Don Heraldo

Heraldo Painefil, wanda ake kira Don Heraldo saboda girmamawa, ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. A ofishin kula da filayen kiwo na garin Esquel kowa ya ɗauka baƙin hali ne kawai. Halin kam akwai shi, ba na musu, amma ba shi ne dalilin ba.

Tun yana da baƙin gashi yake zana taswirar ƙasar kiwo: nan fadama ce mai ruwa, nan tudu ne mai ƙaya, nan tumaki sun cinye ƙasa har ta gaji. Da taswirarsa makiyaya ke sanin inda za su kai garke da inda za su bari ya huta. Fadama kore ake shafa mata, gajiyayyar ƙasa kuma ja. To shi Heraldo tun da aka haife shi kore da ja duk abu ɗaya ne a idonsa. Matarsa Nélida ce ke yi wa fensiransa tsaga da wuƙa a gida, yana laluba da babban yatsa ya gane wanne ne wanne. Da haka ya ci abinci har ya yi furfura, ba wanda ya sani.

Ana nan sai ofis ya ɗauko wata matashiya daga garin Trevelin, Yanina Pugh, ta haɗa musu manhajarsu ta kansu. Manhajar kan ɗebo hotunan tauraron ɗan'adam, ta auna gangare da laimar ƙasa, ta yanka iyakoki da kanta. Aikin wata da watanni takan gama shi kafin ruwan mate, shayin ganyen da suke sha, ya yi zafi. Abin da ya rage wa Heraldo shi ne ya duba a kwamfuta ya tabbatar, tunda shi ya taka ƙasar da ƙafarsa. A fuskar kwamfuta kuwa babu tsagar da yatsa zai laluba.

Bawan Allah har ramewa ya yi. In ya amince da abin da bai gani ba, wani zai kai tumakinsa matacciyar ƙasa, sanyi ya gama da su. In ya buɗe baki, a ce duk taswirorinsa na baya abin tuhuma ne, a sallame shi da kunya.

Wata safiya Yanina ta miƙa masa ƙoƙon mate ta ce, "Don Heraldo, kana ta hararar kwamfutar nan kamar ta zagi mahaifinka. Manhajar tawa ce ba ta yi maka ba?"

"Lafiyarta ƙalau, yarinya. Ni ne ba lafiya."

Ya faɗa mata duka, idonsa a cikin ƙoƙon.

"Shi ke nan?" in ji ta. "Wannan ne ya hana ka cin gasasshen nama ranar Juma'a? Yayana ma haka yake, da safa kowace da launinta ya je ɗaurin aurensa. Kana ganin shuɗi da rawaya?"

"Waɗannan ina gani." Ya ɗago ido ya dube ta. "Tsofaffin taswirorin fa?"

"Ai da su na koya wa manhajar aiki, tsoho. Da a karkace suke da tuni na zo na ɗaga maka hankali."

Ta janyo kujera, ta goge layi guda a cikin manhajar ta sake rubuta shi. Nan take taswirar ta sauya kama. Fadamun suka fito shuɗi, suna gangarowa daga duwatsu kamar jijiyoyi a bayan hannu, gajiyayyar ƙasa ta kwanta rawaya a gefensu.

Wani sanyi ya ratsa Heraldo har ƙafa, ya sauke ajiyar zuciya. Daɗi ya ji, irin wanda ya manta akwai shi. Ya san kowane lungun ƙasar nan da suna, amma bai taɓa ganin fadama ta rabu da matacciyar ƙasa a kallo ɗaya ba.

"Ashe haka kuke ganinta duk shekarun nan," ya ce a hankali. "Ƙaro min girman wajen arewa, daga can za mu fara."